An Rubuta Mini Takardar Tara: In Biya ko In Je Kotu, Kuma Aljihun Wa Kuɗin Ke Shiga?

Habibu, Ohayo:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara nake nema a kan wani abu da ya hana ni sukuni tun makon jiya. A daren Asabar ina dawowa daga sauke fasinja, na ratsa wani ɗan ƙaramin gari da ke gefen birnin da nake zaune a jihar Ohayo, sai ɗan sanda ya kunna mini fitila ya tsayar da ni, ya ce na'urarsa ta nuna ina gudun mil 47 a wurin da doka ta ƙayyade 35. Washegari na koma wurin da rana, na tarar allon da ke sanar da rage gudu daga 50 zuwa 35 rassan bishiya sun rufe rabinsa, kuma inda motarsu ta laɓe bai wuce 'yan taku daga allon ba. Tarar da kuɗin kotu sun kama dala 165, an kuma ba ni zaɓi biyu: in biya ta intanet, wanda daidai yake da amsa laifi, ko in bayyana a kotun magajin garin. Kuɗin ba su ne babbar damuwata ba. Idan na biya za a ɗora maki 2 a lasisina, inshora za ta tashi, alhali da tuƙin nan nake ciyar da iyalina nan da gida. Shin ya dace in je in kare kaina, ko ɓata lokaci ne? Sannan ina so in fahimta, wannan tarar idan na biya, wa zai ci ta? Garin nan tsawonsa bai kai mil biyu ba, amma motocin 'yan sandansa sababbi ne fes.

Alhaji Garba, New York:
Wa alaikumus salam, Habibu ɗana. Shekara ashirin da 'yan kai ina tuƙa tasi a birnin nan, kuma abin da zan faɗa maka shi ne kada ka biya tukuna. Wanda ya biya ya rufe wa kansa ƙofa. Ka koma wurin da daddare, daidai lokacin da aka tsayar da kai, ka ɗauki hoton allon daga kujerar direba, domin alƙali ya ga abin da idonka ya gani. Ka rubuta duk abin da ya faru tun kana tunawa da shi. Ranar zaman kotu ka sa tufafi masu kyau, ka isa da wuri, kada ka ɗaga murya, kada kuma ka ce ɗan sandan maƙaryaci ne, ka dai nuna abin da ke hannunka. Ku a can kuna da sauƙin da mu ba mu da shi. A cikin birnin New York hukumar ba da lasisi ce ke sauraron waɗannan ƙararraki, kuma ba a yin sulhu a rage laifi, ko dai ka yi nasara ko ka sha kaye. A wurare da yawa na Amurka kuwa mai gabatar da ƙara yakan yarda a mayar da laifin zuwa wanda ba ya ɗauke da maki, ka biya kuɗi lasisinka ya tsira.

Hajiya Rabi, Kano:
Alhaji, ka yi haƙuri in ɗan saɓa maka, ba don raini ba. Habibu bai ce bai yi gudun ba, cewa ya yi bai ga allon ba. Ni ɗan yayata mota ce ta kaɗe shi a bakin titi yana dawowa daga Islamiyya, yana da shekara tara, kuma direban da ya kashe shi ma cewa ya yi bai lura ba. Tun daga ranar ba na iya jin ana maganar tarar gudu kamar wata fashi ce da gwamnati ke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna kowace shekara, kuma ta ce duk ƙarin kashi 1 cikin 100 a matsakaicin gudun motoci yana ƙara haɗarin mutuwa da kusan kashi 4. Idan garin nan na Ohayo akwai gidaje da yara a cikinsa, to suna da haƙƙin su rage gudu a titinsu, kuma suna da haƙƙin su hukunta wanda ya ƙi ragewa. Ina tsoron kada mu koya wa ƙannenmu cewa duk hukuncin da ya faɗo kansu zalunci ne.

Habibu, Ohayo:
Allah ya jiƙansa, Anti Rabi, ya ba ku haƙuri. Wallahi ban ɗauki maganarki da wasa ba. Da allon a fili yake na wuce shi, da tuni na biya ban ma kawo maganar nan ba.

Dakta Aminu, Misuri:
Allah ya yi masa rahama, Hajiya. Ina tare da ke a kan cewa gudu yana kisa, kuma tara tana cikin abubuwan da ke sa direba ya ɗaga ƙafa. Amma tambayar Habibu ta biyu tana da nauyi, kuma ni da ke zaune a yankin St. Louis na ga inda amsarta ta kai wani gari.

Mafi yawanku kun ji sunan Ferguson ne saboda kisan Michael Brown, matashi ɗan shekara 18 da ɗan sanda ya harbe ranar 9 ga Agusta 2014, da zanga-zangar da ta biyo baya. Abin da bai yaɗu sosai ba shi ne rahoton da Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta fitar a watan Maris na 2015, bayan ta binciki 'yan sandan garin da kotunsa. Gari ne mai mutum kusan 21,000. A 2010 ya tara dala miliyan 1.38 daga tara da kuɗaɗen kotu, amma a kasafin 2015 ya sa ran tara dala miliyan 3.09, wato kusan kashi 23 cikin 100 na babban asusunsa. Mutanen garin ba su ninka laifinsu cikin shekara biyar ba. Masu binciken sun samu saƙon da daraktan kuɗi na garin ya aika wa shugaban 'yan sanda a watan Maris na 2010, yana sanar da shi cewa idan ba a ƙara yawan rubuta takardun tara sosai ba, zai yi wuya kuɗin shiga su ƙaru a shekara mai zuwa. Ku duba wanda ya rubuta da wanda aka rubuta wa. Mai lissafin kuɗi ne ke faɗa wa mai tsaron rayuka yadda zai yi aikinsa. Daga nan aka koma auna ƙwazon ɗan sanda da yawan takardun da ya rubuta, har aka samu inda aka rubuta wa mutum ɗaya takardu 14 a tsayarwa guda.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai a rahoton shi ne na wata mata da ta ajiye motarta ba daidai ba sau ɗaya a 2007. An ci ta tarar dala 151 da wasu kuɗaɗe. Ba ta da hali, a wasu lokutan ma ba ta da muhalli, don haka ta riƙa kuskure ranar biya da ranar zaman kotu, kuma kowane kuskure yana haifar da sabon laifi da sabuwar tara. An kama ta sau biyu, ta kwana shida a tsare, ta biya dala 550, amma har zuwa Disamba 2014 ana bin ta dala 541. A 2013 kaɗai kotun garin ta ba da sammacin kamu fiye da 9,000, mafi yawansu a kan ƙananan laifuka irin na mota. Baƙar fata su ne kashi 67 na mazauna garin, amma su ne kashi 85 na waɗanda aka tsayar a mota da kashi 90 na waɗanda aka rubuta wa takarda. Hajiya, babu yaron da wannan tsari ya cece shi daga mota. Abin da ya yi shi ne ya sa mutane suka daina kiran ɗan sanda ko da an yi musu sata, domin suna tsoron akwai sammaci a kansu.

Baba Isa, Kaduna:
Na yi shekara 35 ina sanye da kaki kafin in yi ritaya, don haka ku ba ni dama in yi magana a madadin wanda ke tsaye a bakin titi. Dakta, duk abin da ka kawo ya nuna laifin daga ofishin kuɗi ya taso. Ƙaramin ɗan sanda ba ya tsara kasafi. Idan shugabansa ya ce masa ƙarin girmansa ya rataya a kan takardu nawa ya rubuta, to zai rubuta, kuma shi jama'a za su tsana, ba daraktan da ke zaune cikin sanyin ofis ba. Mu a Najeriya rundunar 'yan sanda ɗaya ce ta tarayya, kamar yadda sashe na 214 na kundin tsarin mulki ya tanada, kuma daga kasafin tarayya ake biyan ta, don haka a takarda tarar mota ba ta da alaƙa da albashinmu. Sai dai ba zan yi muku ƙarya ba, na yi aiki a ofishin da babu man sintiri, babu takardar rubuta ƙorafi, wanda ya kawo ƙara shi ake cewa ya sayo. A irin wannan wuri shingen kan hanya shi ke zama asusun ofis, ba tare da rasit ba. Ban halatta shi ba, haramun ne, kuma na ga yadda ya lalata yara masu kirki da suka shigo aikin da zuciya ɗaya. Amma duk gwamnatin da ta ƙi ciyar da ɗan sandanta daga baitulmali, ta sani cewa daga aljihun direba zai ci, ko da rasit kamar Ferguson, ko babu rasit kamar namu. A 2019 an kafa asusun tallafa wa 'yan sanda da aka ware masa kashi 0.5 cikin 100 na kuɗin da ke shiga asusun tarayya, kuma har yanzu ina jiran ranar da ƙaramin ofishi na ƙauye zai shaida hakan a tankin motarsa.

Barista Nafisa, Abuja:
Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka ta ƙarshe ita ce zuciyar muhawarar. Habibu, ni ba lauyar Amurka ba ce, don haka ka nemi wanda ke aiki a jiharku ya duba takardarka, amma akwai abin da duk ɗalibin shari'a ya karanta, kuma abin mamaki daga jiharku ya fito. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Tumey da jihar Ohayo. Magajin wani ƙauye ne ke zama alƙali a kan masu sayar da giya a zamanin da aka haramta ta, kuma ba ya samun ladan zamansa sai idan ya kama mutum da laifi. Kotun ta ce wannan ya saɓa wa haƙƙin samun shari'a ta adalci. A 1972 aka sake komawa a shari'ar Ward da ƙauyen Monroeville, ita ma a Ohayo, kuma wannan karon a kan laifin tuƙi ne. Magajin garin ba ya sa ko sisi a aljihunsa, amma shi ke da alhakin kuɗin ƙauyen, kuma babban kaso na kuɗin daga tarar kotunsa yake fitowa. Kotun ta ce wannan ma ya isa ya karkatar da zuciyar mai hukunci. Ba a ba wa kura ajiyar nama, ko da kurar ta rantse ba ta jin yunwa.

Duk da haka kotunan magajin gari ba su mutu ba. Jihohi biyu ne suka rage da su, Ohayo da Luwiziyana, kuma a Ohayo sun kusa 300, sai dai yawanci yanzu magajin gari yakan naɗa wani lauya ya zauna a madadinsa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ba su ne maganar ƙarshe ba. Idan ka ce ba ka amsa laifi ba, ana iya mayar da shari'ar zuwa cikakkiyar kotu ta yankin, kuma ko an yanke maka hukunci a can kana da damar ɗaukaka ƙara a sake sauraron maganar daga farko a gaban alƙalin da ba ya ƙarƙashin garin. Ka nemi a nuna maka shaidar cewa an gwada ingancin na'urar auna gudun, ka kuma nemi bidiyon motar ɗan sandan tun kafin ranar zama. Abu ɗaya da ba zan so ka yi ba shi ne ka ƙi biya kuma ka ƙi zuwa, domin nan ne ƙaramar magana ke zama dakatar da lasisi ko sammacin kamu.

Hajiya Rabi, Kano:
Na karanta labarin matar nan sau biyu, kuma na yarda wannan zalunci ne tsagwaronsa. Amma ku amsa mini wannan: idan aka hana gari cin moriyar tara, me zai sa ya damu da tsayar da masu gudu? Ai sintiri ma kuɗi yake ci.

Dakta Aminu, Misuri:
Abin da zai sa ya damu shi ne abin da ke sa ya kashe gobara, Hajiya, alhali ba wanda ke biyan 'yan kwana-kwana ladan kowace gobara. Haraji ake karɓa don wannan. Kuma an gwada hanyoyi da dama. A nan Misuri tun 1995 akwai dokar da ake kira da sunan wani ɗan ƙauye, Macks Creek, wanda mafi yawan kuɗin shigarsa daga tarar matafiya yake. Dokar ta sa iyaka a kan kason kuɗin shigar gari na shekara da zai iya fitowa daga tarar mota, da farko kashi 45, aka yi ta ragewa har zuwa 30. Bayan Ferguson, a 2015, majalisar jihar ta mayar da shi kashi 20, ta ce tara da kuɗin kotu a ƙaramin laifin mota kada su wuce dala 300, ta kuma hana ɗaure mutum don ya kasa biya. An so a sa wa gundumar St. Louis kashi 12.5, amma Kotun Ƙolin jihar ta soke wannan ɓangaren a 2017 saboda ya ware gunduma ɗaya. A jiharsu Habibu ma akwai ƙauyen New Rome mai mutum kusan 60, da ya shahara da tarkon matafiya har kotu ta rushe shi a 2004.

Sai dai ba zan ɓoye wani abu da ke raunana hujjata ba. A Karolina ta Arewa kundin tsarin mulkin jihar ya ce tara ta makarantu ce, amma duk da haka wasu masana tattalin arziki biyu, Garrett da Wagner, sun nuna a binciken da suka wallafa a 2009 cewa takardun tara suna ƙaruwa a gundumomin jihar a shekarar da ta biyo bayan faɗuwar kuɗin shiga. Ke nan sauya wa kuɗin aljihu kaɗai bai isa ba matuƙar mai aljihun da mai ba ɗan sanda umarni hukuma ɗaya ce. Wani binciken kuma, na Goldstein da Sances da You, ya gano cewa biranen da suka fi dogaro da tara sun fi kasa gano waɗanda suka aikata manyan laifuka, domin awannin da ɗan sanda ya ɓata a laɓe bayan allo ba zai same su ba don bin sawun ɓarawo.

Yusuf, Ingila:
A taƙaice zan ƙara misalin nan Birtaniya. Daga 2000 an bar 'yan sanda da ƙananan hukumomi su cire kuɗin gudanar da kyamarorin gudu daga tarar da kyamarorin suka kawo. Jama'a suka yi ta ƙorafin cewa an mayar da kyamara saniyar tatsa, har gwamnati ta soke tsarin a 2007. Yanzu tarar tana tafiya baitulmalin ƙasa ne. Kyamarorin ba su ɓace ba, amma wanda ke zaɓar inda za a kafa su ba ya samun ƙari don ta kama mutane da yawa. A Finlan kuma tarar babban gudu da samun mutum ake auna ta. A 2002 an ci wani babban jami'in Nokia, Anssi Vanjoki, tarar yuro 116,000 don ya yi gudun kilomita 75 a kan babur a inda aka ƙayyade 50, kuma shi ma kotu ya je aka rage masa sosai bayan ya nuna samunsa ya ragu. Dala 165 ɗin da za ta ci wa Habibu aikin yini guda ko fiye, wani ko a jikinsa.

Malam Lawal, Sakkwato:
Bismillahi. Na jima ina bibiyar maganar, kuma na ga ya dace in tunatar da mu cewa malamanmu sun tattauna ainihin wannan matsala ƙarnuka kafin a ƙera mota. A fiƙihu ana kiranta ta'aziri da dukiya, wato shugaba ya hukunta mai laifi ta hanyar karɓar kuɗinsa. Mafi rinjayen malaman mazhabobi huɗu ba su yarda da shi ba, Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa ya halatta, daga baya Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim suka ƙarfafa halascin da hujjojinsu. Abin lura shi ne ɗaya daga cikin dalilan masu hanawa: sun ji tsoron idan aka buɗe wannan ƙofa azzaluman masu mulki za su mayar da ita hanyar cin dukiyar talakawa, su riƙa neman laifi domin neman kuɗi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma, a Kitabul Farƙ, ya lissafa cikin aibobin sarakunan Hausa na zamaninsa yadda suke barin hukuncin da shari'a ta ajiye su koma cin dukiyar mai laifi, tare da ɗora wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba. Malaman wannan zamani da yawa sun halatta tarar hanya saboda maslahar kare rayuka, kuma ina ganin Hajiya tana da gaskiya a nan. Amma halascin bai goge tsoron magabata ba. Idan hukumar da ke kamawa ita ke yanke hukunci, ita ke karɓa, ita kuma ke kashe kuɗin, to an tara abubuwa huɗu a hannu ɗaya da bai kamata su haɗu ba.

Barista Nafisa, Abuja:
Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan haɗuwar da ka ambata ita ce kotunan Najeriya ke fama da ita yanzu. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Evelyn Maha, ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da mota, ko ƙwace ta, ko cin direba tara, kuma tushen maganar shi ne sashe na 36 na kundin tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a hukunta shi. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tsarinta ya fi tsabta a takarda: ana ba ka takardar laifi, ka biya ta Remita kuɗin su shiga asusun bai-ɗaya na gwamnatin tarayya, idan kuma ba ka yarda ba ka jira a gurfanar da kai. A jadawalin dokarta ta 2007 tarar rashin ɗaura bel naira 2,000 ce, ta amsa waya ana tuƙi 4,000. To wa zai bar motarsa a tsare, ya ɗauki lauya, ya yi ta sintirin kotu saboda naira 4,000? Nan ne damuwata take, a Abuja da Ohayo baki ɗaya: an tsara abin ta yadda biya ya fi neman gaskiya araha, don haka mai gaskiya da marar gaskiya duk suna biya, kuma hukuma ba ta taɓa jin inda ta yi kuskure ba. Kotun tafi-da-gidanka tana rage wahalar, amma idan ta zauna a harabar hukumar da ta yi kamun, ana gabatar da mutum hamsin a awa guda, da wuya talaka ya buɗe baki.

Kuma ina roƙon mu riƙe wannan muhawara a zuciya yanzu da ake ta maganar kafa 'yan sandan jihohi. Amurka tana da hukumomin tsaro kusan 18,000, da yawansu ƙananan garuruwa ne ke biyan su, kuma daga nan Ferguson ta fito. Jihohinmu tuni suna da hukumomin hanya nasu, LASTMA a Legas, KAROTA a Kano tun 2012, kuma kowane gwamna yana neman inda zai ƙara kuɗin shiga na cikin gida. Jihar da ke kasa biyan albashin malaman firamare idan aka ba ta 'yan sanda masu bindiga ba tare da an rubuta a doka daga inda za a biya su ba, ba sai an yi duba ba kafin a san inda za ta waiwaya.

Baba Isa, Kaduna:
'Yata, wannan ita ce maganar da nake so 'yan majalisa su ji. A rubuta ƙarara cewa ko kwabo na tara ba zai shiga kasafin rundunar da ta yi kamun ba, kuma a haramta ƙayyade wa jami'i adadin mutanen da zai kama a rana. Na ga abin da irin wannan umarni ke yi wa yaro ɗan shekara ashirin da biyu da aka tura bakin titi da safe aka ce kada ya dawo hannu rabbana.

Hajiya Rabi, Kano:
Na yarda da raba aljihun, Baba. Abin da ban sauka daga kai ba shi ne kada gyaran ya zama sassauci ga mai gudu. A titin da aka kaɗe ɗan yayata har yau babu tudun rage gudu, babu allo, babu kowa a tsaye, domin unguwa ce ta talakawa da ba a samun komai a cikinta. Jami'an suna can kan manyan mahaɗu inda motoci suka fi yawa. Wataƙila wannan ma hujjarku ce, Dakta, ban sani ba ko ka lura. Habibu, ka je kotun, amma ina neman alfarma ɗaya: ko ka yi nasara ko ba ka yi ba, ka rubuta wa garin su sare rassan nan, domin direban da zai biyo bayanka ya ga allon ya rage gudu.

Habibu, Ohayo:
Na ɗauki alƙawari, Anti Rabi. Jiya da daddare na koma na ɗauki hotuna shida daga cikin mota kamar yadda Alhaji ya ce, kuma a huɗu daga cikinsu lambar 35 ba ta fita ko kaɗan. Yau da safe na kira ofishin kotun na ce ban amsa laifi ba, na kuma aika takardar neman bidiyon motar ɗan sandan da shaidar gwajin na'urar. An sa mini ranar Talata ta makon jibi da ƙarfe biyar na yamma, wanda ke nufin zan rasa aikin yammacin ranar. Wasiƙar rassan bishiyar na rubuta ta, amma zan riƙe ta sai an gama zaman, kada a sare su kafin alƙali ya tura a duba. Barista, idan na turo miki ita ta akwatin saƙo, za ki iya gyara mini kalmomin kafin in aika?